A bar Windows ta ci gaba da neman izini

Duk wanda ya taɓa saka sabuwar manhaja a kwamfuta mai Windows ya san wannan ɗan akwatin. Allo ya dushe, komai ya tsaya cak, sai tambaya ta fito da Faransanci: «Voulez-vous autoriser cette application à apporter des modifications à votre appareil ?» Ma'ana, ko an yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a cikin na'urar. A ƙarƙashinta maɓalli biyu ne, Oui da Non. Sunan abin a Faransanci Contrôle de compte d'utilisateur, masu kwamfutar Ingilishi kuma sun san shi da haruffa uku, UAC.

Wannan akwati ne masu gyara da yawa ke kashewa kafin su miƙa wa mutum kayansa. Matashi ya sayi kwamfutar gwanjo a kasuwa, ko wansa ya aiko masa da ita daga Aljeriya ko Faransa, ya kai ta shago a sake mata Windows. Mai gyara ya yi aikinsa, ya zuba mata Office da manhajar kallon bidiyo da ta karanta PDF, daga ƙarshe ya shiga saituna ya ja ma'aunin tambayar zuwa can ƙasa, inda aka rubuta «Ne jamais m'avertir», wato kada a taɓa sanar da ni. Ba ya gaya wa mai kaya. In ma an tambaye shi, amsarsa a shirye take: abin yana ɓata lokaci, kuma mutane na dawowa shago suna cewa kwamfuta ta lalace alhali tambaya kawai ta yi musu. Wasu masu gyaran ba sa ma buƙatar jan komai, domin Windows ɗin da ke kan kilensu irin wadda aka yi wa kwaskwarima ce, aka rage mata nauyi don ta yi gudu a kan tsohuwar na'ura, kuma sau da yawa tun inda aka haɗa ta aka cire tambayar.

Ya kamata wannan al'ada ta tsaya. Hukuncin ko wata manhaja za ta taɓa cikin kwamfuta na mai kwamfutar ne. Wanda ya kashe tambayar a ɓoye ya amsa Oui a madadinsa ga duk abin da zai zo nan gaba, har da mugayen manhajojin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Mai gyara ya karɓi kuɗin aikinsa ya manta. Wanda zai zauna da sakamakon shi ne ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko ta André Salifou da kundin kammala karatunsa ke ciki, ko ƴar kasuwar da ke ajiye lissafin bashin da take bin mutane a cikin Excel, ko mai ɗaukar hoton biki da aikinsa na shekara guda ke kan faifai ɗaya.

Tambayar ba don kwalliya aka saka ta ba. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, kusan kowa yana aiki ne da babban asusu, wanda ake kira Administrateur. Duk manhajar da mutum ya buɗe, da saninsa ko ba da saninsa ba, tana gadon cikakken ikonsa. Tana iya shiga zuciyar Windows ta canza abin da ta ga dama, ta kashe mai gadi, ta dasa kanta a inda sai an goge faifai gaba ɗaya za a rabu da ita. Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet na farko a Yamai da Maradi sun tuna yadda ake sake wa kwamfutoci Windows kusan kamar yadda ake canza wa babur baƙin mai. Da Windows Vista ta fito a watan Janairun 2007, kamfanin Microsoft ya zo da sabon tsari: ko da mutum na kan babban asusu, manhajojinsa za su riƙa aiki da ƙaramin iko, sai an zo abin da ya shafi na'urar baki ɗaya sannan a tsaya a tambaye shi.

A Vista abin ya yi yawa, babu mai musun wannan. Tambaya kan tambaya, wani lokaci sau biyu a kan aiki ɗaya, har kamfanin Apple ya yi tallar talabijin yana yi wa Windows ba'a a kai. A 2008, a wani taron tsaron kwamfuta a San Francisco, wani jami'in Microsoft mai suna David Cross ya fito fili ya ce da gangan aka yi tsarin don ya dami mutane. Manufar ita ce masu amfani su gaji, su matsa wa kamfanonin manhaja lamba su daina rubuta kayan da ke neman babban iko ba gaira ba dalili. Dabarar ta yi aiki. Manhajojin yau da kullum sun gyaru, kuma Windows 7 da ta fito a watan Oktoban 2009 ta rage tambayoyin sosai. Amma baƙin jinin da abin ya yi a zamanin Vista bai wanke ba. Masu gyara da suka koyi sana'a a lokacin sun koya wa yaransu kashe shi, yaran suka koya wa nasu yaran. Ana nan ana maganin ciwon da ya warke shekaru fiye da goma sha biyar da suka wuce. A yau wanda ke rubutu, yana shiga intanet, yana kallon fim, zai iya yin mako bai ga tambayar ba ko sau ɗaya.

Yadda tsarin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Idan mai babban asusu ya kunna kwamfuta, Windows na ba shi makullai biyu. Ƙaramin yana hannunsa kullum, da shi yake buɗe takardunsa da hotunansa da shafukan intanet. Babban yana rataye, shi ne na ɗakin da fayilolin Windows suke, da inda ake saka manhajoji, da saitunan tsaro. Tambayar Oui ko Non ita ce sallamar da manhaja ke yi a zaure tana neman a sauko mata da babban makulli. Dushewar allo kuwa, wadda wasu ke ɗauka alamar kwamfuta ta gaji ce, tana da aikinta. A wannan lokacin Windows ta ɗauke tambayar ta kai ta wani keɓantaccen wuri inda sauran manhajoji ba sa iya kai hannu, don kada wata ta danna Oui da kanta ko ta rufe rubutun da wani hoto na yaudara.

Ma'aunin da ake ja yana da matakai huɗu. Na ƙasa shi ne wanda aka ambata, inda duk manhajar da ta nemi babban makulli ake miƙa mata shiru. Na sama da shi yana tambaya amma ba ya dushe allo, wato ya bar tambayar a fili inda wata manhaja za ta iya yi mata shisshigi. An tanade shi ne don tsofaffin na'urorin da dushewar ke ɗaukar musu lokaci, kuma ba shi da wani amfani ga yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane yanzu. Na uku shi ne wanda Windows ke zuwa da shi daga kamfani: tana tambaya idan manhaja ce ke son canji, tana yin shiru idan mutum ne da kansa ke taɓa saitunan Windows. Na can sama, «Toujours m'avertir», yana tambaya a kowane hali.

Mutane da yawa za su ce na uku ya isa, tunda shi kamfani ya zaɓa. Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma yana da ɓaraka da masana suka daɗe da sani. Don a rage tambayoyi, an yarda wasu sassan Windows su riƙa ɗaukar babban makulli da kansu ba tare da sallama ba. Tun Windows 7 na matakin gwaji a 2009 masu bincike suka nuna cewa muguwar manhaja na iya laɓewa a bayan waɗannan amintattun sassa ta shige tare da su, kamar yaron da ya bi ayarin ƴan biki ya shiga gida ba wanda ya tambaye shi. Daga lokacin zuwa yanzu an gano hanyoyi iri-iri na wannan laɓe, ana toshe wasu, wasu na fitowa. Da yawansu ba sa aiki idan ma'auni na can sama. Kuɗin da mutum zai biya shi ne ƙarin dannawa ɗaya a ranar da ya shiga wasu saitunan da ba kullum ake taɓa su ba. Wannan ciniki ne mai riba.

Sai dai ba daidai ba ne a sayar wa mutane abin da tsada fiye da darajarsa. Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa wannan tambaya ba katanga ba ce da za a jingina da ita a yi barci. Akwai ɓarna mai yawa da ba ta buƙatar babban makulli ko kaɗan. Takardun mutum da hotunansa suna ƙarƙashin ƙaramin makulli ne, don haka manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa za ta iya kulle su ba tare da allo ya dushe ba. Haka masu satar kalmomin sirrin da aka ajiye a cikin Chrome, na Facebook da na imel da na banki. Haka birus ɗin nan na raccourci da ya addabi duk mai yawo da kile tsakanin shagon fotokopi da makaranta, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Abin da tambayar ke hanawa shi ne ɓarna ta yi saiwa: a kashe Windows Defender, a goge kwafin da Windows ke ajiyewa don maido da fayiloli, a shiga asusun sauran mutanen gida, a dasa abin da zai tashi tun kafin mai gadi ya farka. Bambanci ne tsakanin ɓarawon da ya ɗauki abin da ya tarar a tsakar gida da wanda ya samu makullin kowane ɗaki ya kuma yanka nasa. Wanda ke son takardunsa su tsira dole ya ajiye kwafinsu a wani faifai da ba ya manne da kwamfutar kullum. Babu saitin da zai ɗauke masa wannan aiki.

Inda maganar ta fi zafi shi ne batun manhajojin da aka fasa, waɗanda ake kira krak. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwamfutoci da yawa a garuruwan nan da su suke aiki, daga Windows ɗin kanta har Office da Photoshop da manhajojin haɗa bidiyo da kiɗa. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Lasisi na da tsada ga wanda ke fafutukar kuɗin haya, kuma sayensa na buƙatar katin banki da yawancin matasa ba su da shi. Amma kowane krak da sharaɗinsa yake zuwa: a kashe mai gadi tukuna, a buɗe shi da babban iko, a danna Oui. Wato mutum da hannunsa yake sauko da babban makulli ya miƙa wa wanda bai san sunansa ba, bai san ƙasarsa ba, bai kuma tambayi kansa me ya sa wani zai ɓata dare yana fasa manhaja ya raba ta kyauta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Misalan a rubuce suke. Manhajar fansa da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta bazu tun ƙarshen 2018, ta fi shiga kwamfutoci ne ta cikin krak da manhajojin kunna Windows na bogi. Kuɗin da ta saba nema dala 980 ne na Amurka, sama da jika ɗari biyar na sefa, tare da alkawarin rage rabi ga wanda ya tuntuɓe su cikin sa'o'i 72. A 2021 masu binciken tsaro sun nuna yadda ake cusa manhajar satar kalmomin sirri a cikin kwafin KMSPico, abin da masu gyara da yawa ke amfani da shi wajen kunna Windows da Office. A watan Mayun 2025 Microsoft ya sanar cewa cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci sama da 394,000 a duniya da wata manhajar sata mai suna Lumma ta shiga, kuma krak na cikin hanyoyin da take bi. Ga mai sana'ar da ba ta buƙatar komai sai rubutu da lissafi, LibreOffice kyauta ce, halal ce, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma da Faransanci. Mai gyaran da ya saka wa ɗalibi ita ya yi masa alheri fiye da wanda ya ba shi Office ɗin sata tare da baƙon da ba a gayyata ba.

Tambayar ba ta da amfani ga wanda yatsansa ya riga idonsa. Mutum da ya saba danna Oui kamar yadda ake korar ƙuda, da shi da wanda aka kashe wa tambayar duk ɗaya ne. Abin da ya kamata ya fara zuwa zuciya shi ne: ni na jawo wannan? Idan mutum ya sauko da VLC daga shafinta na asali ya danna don sakawa, tambaya ta fito da sunan VLC, babu abin mamaki. Idan kuwa yana cikin kallon bidiyo ne, ko ya buɗe wata takarda da aka turo ta WhatsApp da sunan sakamakon jarrabawa ko sanarwar ɗaukar ma'aikata, sai allo ya dushe, amsar Non ce. Takarda ba ta neman izinin canza kwamfuta, haka hoto, haka waƙa. Duk wanda ya nema a cikinsu manhaja ce ta yi shigar burtu.

Akwatin da kansa yana ba da bayani ga mai haƙurin karantawa. Yana nuna sunan manhajar da na kamfanin da ya yi ta. Idan an rubuta «Éditeur vérifié» da sunan kamfani, an tabbatar da sa hannunsa. Idan an rubuta «Inconnu», kuma saman akwatin ya zama rawaya, Windows na cewa ba ta san mai kayan ba. A ƙasa akwai «Afficher plus de détails», wanda ke nuna daga wane lungu na faifai abin ya taso. A nan ma akwai tarko. Muguwar manhaja na iya aiko da buƙatarta ta hannun wani sashe na Windows, kamar Interpréteur de commandes ko PowerShell, sai akwatin ya fito da sunan Microsoft a matsayin tabbataccen kamfani. Sunan gaskiya ne, amma ɗan aike ne kawai, ba a ga wanda ya aiko shi ba. Shi ya sa tambayar farko ta fi launin akwati muhimmanci. Wasu kuma naci suke yi: a danna Non su dawo, a sake dannawa su sake dawowa, har mutum ya gaji ya ba su. Wannan nacin kansa shaida ce. Abin yi a cire intanet, a kashe kwamfutar, a nemi wanda ya sani.

Akwai matakin da ya fi jan ma'auni ƙarfi, kuma kyauta ne. A buɗe asusu biyu a kwamfuta: babba mai kalmar sirri, wanda ba a shigarsa sai da dalili, da ƙarami, Utilisateur standard, na aikin kullum. A kan ƙaramin asusu tambayar ba ta karɓar Oui kawai, sai an rubuta kalmar sirrin babban. Ƙanen da ya ari kwamfuta don ya yi wasa ba zai iya saka abin da ya ga dama ba. Abokin da ya zo da kile yana cewa minti biyu kawai, haka. Mai kwamfutar da kansa yana samun ɗan jinkirin da zai sa ya karanta kafin ya amince. Ana yin wannan a Paramètres, sashen Comptes, wajen ƙara wasu masu amfani, kuma bai kai minti goma ba.

Wannan ya shafi ƴan ci-rani kai tsaye. Wanda ya tara kuɗi a Legas ko Abijan ko Tripoli ko Brussels ya sayi kwamfuta don ƙanwarsa da ta shiga jami'a, ya kamata ya tsara asusun biyu kafin ya ba da saƙon. Amma kada ya riƙe kalmar sirrin shi kaɗai a can. Ranar da aka buƙaci saka manhajar firinta aka kira shi ba a samu ba, shagon gyara za a nufa, a goge komai, a dawo da kwamfuta a buɗe kamar kasuwa. Gara ya ba mutum ɗaya mai hankali a gidan, ya kuma yi masa bayanin dalili.

Su ma mazauna ƙetaren ana farautarsu ta wannan ƙofa. A Faransa da wasu ƙasashen Turai damfarar masu gyaran bogi ta zama ruwan dare. Shafi ya cika allo da ƙara da jan rubutu, wai kwamfuta ta kamu, a kira wannan lamba ta Microsoft. Wanda ya ɗauki wayar zai sa mutum ya sauko da AnyDesk ko TeamViewer, manhajoji na halal da ake sarrafa kwamfuta da su daga nesa. A mafi yawan lokuta, kafin ya samu cikakken iko sai tambayar nan ta fito, kuma hannunsa ba ya kai wa gare ta daga can. Shi ya sa muryar ke yin laushi a daidai wannan gaɓa: danna Oui kawai, ba komai. Da ɗan gari akan ci gari. Microsoft ba ya saka lambar waya a cikin saƙon gargaɗi, ba ya kuma kiran mutum haka kawai don ya gyara masa kwamfuta. Wanda bai daɗe da zuwa ƙasa ba, harshen bai zauna masa ba, yana kuma tsoron duk abin da ya yi kama da hukuma, shi ne abincinsu.

Masu gyara suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Gaskiya ne akwai tsofaffin manhajojin lissafi da na sarrafa kantin magani ko shago waɗanda aka rubuta da tunanin zamanin XP, ba sa tashi sai da babban iko. Maganin wannan a ba wa ita manhajar kaɗai izini, ta hanyar «Exécuter en tant qu'administrateur», a bar sauran gidan a kulle. Gaskiya ne kuma abokan cinikinsu da yawa ba sa karanta Faransanci sosai, wasu ma da ajami ko Larabci suka yi karatu, kuma akwatin da ba a gane abin da ya ce ba tsoro kawai yake kawowa. Amma wanda bai iya karanta gargaɗi ba bayani yake buƙata. Jimla biyu da Hausa a bakin kanta sun wadatar: in kai ka saka abu ya tambaye ka, ka ce Oui, in haka kawai ya fito, ka ce Non ka kira ni. Mai gyaran da ya yi haka ya samu abokin ciniki na shekaru. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke cike da matasa a lokacin hutu su ma suna da laifinsu. Ana shafe makonni a kan yadda ake canza launin rubutu a Word, ba a ware awa ɗaya a kan akwatin da kowane ɗalibi zai gamu da shi ba.

A ofisoshi abin ya wuce asarar mutum ɗaya. Kwamfutar sakatariya a ma'aikata, ko ta asibiti, ko ta shagon da ake buga wa jama'a takardu, cike take da kwafin katin ɗan ƙasa da takardun haihuwa da lambobin waya na mutanen da ba su san ma an ajiye su ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, lokacin da doka ta kafa hukumar HAPDP don sa ido a kai, tana kuma da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Doka na iya hukunta ɓarawon da aka kama, amma mai Lumma ko Djvu ba a Zongo ko Sabon Gari yake zaune ba, kuma babu ɗan sandan da zai maido da fayil ɗin da aka kulle. Shugaban ofis da ya bar ma'aikata goma suna aiki da babban asusu ɗaya, kalmar sirrinsa a manne a jikin allo, ya yi sakaci da amanar mutane, ko da bai taɓa jin sunan UAC ba.

Lokaci ma ba ya taimakawa. Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman na'ura mai wasu sharuɗɗa, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0, waɗanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Kamfanonin Turai da Amurka na sauke irin waɗannan na'urori, kuma an san inda kayan da aka sauke ke ƙarewa. Kwamfutar da ba ta ƙara samun gyara daga kamfani ba, ƴan kariyar da suka rage mata ba abin wasa ba ne, balle a kashe ɗaya daga ciki don kawai kada allo ya dushe na daƙiƙa biyu. Halin nan ɗaya ne da na waya, inda manhajar tocila ke neman izinin karanta saƙonni da lambobin mutane, a ba ta ba a duba ba, a wayar da kuɗin mutum ke ciki.

Duba halin da kwamfuta ke ciki ba ya buƙatar zuwa shago. A danna maɓallin Démarrer a rubuta UAC, sai «Modifier les paramètres de contrôle de compte d'utilisateur» ya fito. A buɗe, a ga inda ma'aunin yake, a ja shi zuwa sama, a danna OK, a sake kunna na'urar. Don a tabbatar, a nemo Invite de commandes, a danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi buɗewa da babban iko. Idan allo ya dushe aka yi tambaya, mai sallama ya dawo bakin aikinsa, sai a danna Non. Idan baƙar tagar ta buɗe kai tsaye ba tambaya, to ko dai an kashe tsarin daga can ciki, ko kuma an ɗora mutum a kan asusun Administrateur na asali wanda Windows ke ɓoyewa, wanda ba a tambayarsa komai. Irin wannan kwamfuta sai a kwashe takardun da ke cikinta, a mayar da ita wajen wanda ya saka mata Windows, a ce ya sako ta asali daga shafin Microsoft, a kuma tsaya a kansa har ya gama.